Takardar da Bature Ya Bar Mini

Malam Edita,

A shekarun da Ghana ta samu 'yancin kai, ni kuku ne a gidan wani Bature a Tamale. Shekara tara ina yi masa girki, kuma ina ji da kaina, don duk baƙon da ya ci miyata sai ya tambayi wanda ya yi ta. Karatun boko ne kawai ban iya ba. Da zai koma ƙasarsu ya ba ni takardar shaida a cikin ambulan, ya ce duk inda na kai ta za a san ko ni wane ne.

Mai masaukina a unguwar Sakasaka dattijo ne mai sayar da goro, ya san jama'a. Shi ya riƙa haɗa ni da manyan da suka gaji kujerun Turawa: wannan ɗan amininsa ne, wancan masallacinsu ɗaya. Ko'ina sai a karɓe ni da fara'a, ana buɗe takardar fuska ta canza, a ce in dawo wani lokaci. Gida shida haka. Matata ta koma sayar da koko a bakin hanya don mu ci. A nan na tafka kuskuren da har yau yake cina: na zargi dattijon da cewa shi ke riga ni zuwa yana ɓata ni. Na faɗa masa haka a gaban mutane, na kwashe iyalina muka koma unguwar Nyohini.

Daga baya wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ne ya karanta mini takardar. Baturen ya rubuta cewa na iya girki, amma ina da taurin kai, ina mayar da magana, ban san matsayina ba. Laifina kuwa, na ƙi taɓa naman alade, na kuma taɓa ce masa mai 'ya'ya uku ya wuce a kira shi boyi.

Ban yaga ta ba. Washegari na tafi wata makarantar kwana, ba wanda ya aiko ni, na ajiye ta a gaban shugaban makarantar.

"Ranka ya daɗe, duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ka ba ni tukunya yau. In ɗalibai suka bar tuwo a kwano, ka kore ni."

Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce shi ma an taɓa rubuta masa irinta. Ya ba ni tukunyar, ɗalibai kuwa ko loma ba su bari ba. A wannan kicin na tsufa.

Da na koma Sakasaka neman gafara, na tarar kwana uku ke nan da binne dattijon.

Har gobe ban yi nadamar kalma ɗaya da na mayar wa Baturen ba, da zai dawo zan maimaita masa. Amma masu neman aiki, ku ji daga bakina: ku je da ƙafarku, ku yi magana da bakinku, kada ku miƙa takardar da ba ku san abin da ke cikinta ba. In ƙofofi suka yi ta rufewa, ku bincika kafin ku ɗora wa wanda yake buɗe muku su. Ni na sami aikin, amma ban sami wanda zan ce wa ya yafe mini ba.