Sha Biyu Ga Disamba Ta Haɗa Da Lukmanu Wakili

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga Disamba, 2007, Allah ya karɓi ran Lukmanu Wakili a kan hanyar Zuba, bai ko yi nisa da gidansa na Tungan Maje ba. Tifar yashi ce ta ƙwace wa direbanta, ta haye bas ɗin da ya shiga zai zo aiki. An doshi mako biyu ke nan, amma har yau in an turo ƙofar ofis sai na ɗaga kai.

Lukmanu, yadda labarin ya same ni shi ne abin da ya ƙi sakina. Ina zaune a ɗakin watsa shirye-shirye, muryarka tana fita a shirinmu na A Rana Irin Ta Yau, wanda muka shekara takwas ni ina tsarawa kai kana karantawa. Sai waya ta yi ƙara. Wani mutum ya ce ya ga lambata a wayar wani mamaci. Na ce masa, "Malam, ka yi ɓatan kai, ga mai wayar nan yana magana a kunnena." Ni fa na faɗi haka, ni da na ɗauki muryar da hannuna tun farkon wata.

Bana Babbar Sallah da Kirsimeti sun zo kusa da juna, shi ya sa muka ɗauki shirin gaba ɗaya har ƙarshen Disamba. So kake ka yi layya da matarka Nazeefa da yaranku, sannan ka wuce ƙauyenku a bayan Abaji ka yi Kirsimeti da mahaifiyarka, Mama Elizabeth. Tun kana saurayi ka musulunta, amma ba ka taɓa barin tsohuwar nan ta ci shinkafar Kirsimeti ita kaɗai ba.

Duk ranakun shekara, sha biyu ga Disamba ka fi so. A ranar ne, a 1901, Marconi ya karɓi saƙon farko da ya tsallake tekun Atlantika babu waya, kana ce masa kakanmu a sana'a. A ranar ne, a 1911, aka shelanta ɗauke babban birnin Indiya daga Kalkata zuwa Delhi. Kenya ta sami 'yanci a 1963. An haifi Rajinikanth, jarumin finafinan Indiya, a 1950. An haifi Emerson Fittipaldi na Brazil a 1946, mutumin da ya yi suna da tseren mota kuma yana nan da ransa, kai kuwa da ko keke ba ka mallaka ba mota ce ta yi ajalinka. Sai na ƙarshe, wanda kake jan numfashi kafin ka faɗa: a 1991 gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Da yake ku Gbagyi ku ne 'yan asalin ƙasar, da ka kashe makirufo sai ka juyo ka ce, "Oga Yelwa, yau ce ranar da baƙi suka zo. Baƙo yana Garki, mai gida yana Tungan Maje. Sannunku da zuwa!"

Nakan ce maka, "Ɗan doya, ni ma ba da son raina na zo ba." Gaskiya ce kuwa. Na baro Yelwan Yawuri da bakin kogi da iyalina, na zo garin da gini ke tashi kamar ciyawar damina, kuɗi na yawo a manyan motoci masu baƙin gilashi, amma wanda muryarsa ke tada rabin garin daga barci bai isa ya kama ɗaki a cikinsa ba. Wannan yashin da ya danne ka, wani katafaren gida aka nufa da shi, gidan da ƙila a gama a kulle babu mai kwana. Duk shekara sai na yi rantsuwa bana zan tattara in koma gida, kai kuma ka ce, "Sarkin ƙorafi, ka bari a biya albashi tukuna."

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Makararre ne kai, kuma in ka kafe a kan magana ko jaki ya sallama maka. Amma lokacin rusau, da aka wayi gari ɗakina ya zama fili, kai ne ka zo da a-kori-kura ka kwashe komatsaina, na yi wata biyu a falonka, Nazeefa tana ba ni tuwo, ba ka taɓa bari an ji a ofis ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ka zo da doya gasasshiya da manja, ka zauna a bakin gado kana yi mini tsiya wai Bayawuri in ya rabu da kifi ya zama abin tausayi. Dariyar da na yi ran nan ta fi allurar amfani.

Mun yi maka sutura kamar yadda addini ya ce. Kafin la'asar mun sallace ka mun kai ka makwancinka a Tungan Maje. Ba na cewa mun yi laifi. Amma waya ba ta shiga ƙauyenku, saƙo bai isa ba sai da ƙasa ta rufe ka, kuma a wajen su Mama ba a yarda mutum ya mutu sai uwa ta ga fuskarsa.

Ga kuma abin da babu wanda ya tuna a cikinmu. Kullum in za ka rufe shirin, kana ƙarewa da 'yar gaisuwa da harshen Gbagyi, irin wadda ɗa ke yi wa uwarsa da safe. Manajanmu ya sha cewa a cire, ka ƙi. Ashe tsohuwa tana rataye rediyonta a reshen mangwaro, in ka gaishe ta sai ta amsa da ƙarfi. Ran Alhamis mutane sun fara taruwa zaman makoki, ta kunna rediyo, ka yi magana, ka gaishe ta, ta amsa. Sai ta ɗauki tsintsiya ta kori kowa. Ta ce mutanen birni sun ɓoye mata ɗa, har da Nazeefa a ciki, wadda ke takaba ba ta da halin zuwa ta kare kanta.

Ni ban san ana wannan ba. Ina can ina faɗa da manaja, wanda ya ce kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ba ya son muryar mamaci kusa da tallarsa. Na ce aikin da ka yi da ranka sai ya fita, na kuma yi nasara. Ran Juma'a ƙanwarka Vivian ta iso ofis idonta jawur. Ta ce, "Yaya Faruku, ko ku kashe rediyon nan, ko ka zo ka yi mata bayani. Mama ta ɗaure bunsurun Kirsimeti tana jiran ɗanta."

Ran Asabar na juye sauran shirye-shiryen a kaset, na ɗauki rikoda muka kama hanyar Abaji. Mun same ta da rana a gindin mangwaron tana feraye rogo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne abokin nasa da ba ya dariya?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

"Kai ka binne shi?"

"Da hannuna na sa shi a kabari."

"Ka ga fuskarsa?"

"Na gani, Mama."

Ta ci gaba da feraye rogonta, ta ce, "To wa ya gaishe ni yau da safe?"

Sai na jawo rikodar nan. Na ajiye ta a kan turmi na kunna shirin washegari. Muryarka ta fito garau: "Jama'a, barkanmu da safiya, yau Lahadi, sha shida ga Disamba." Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ce, "A'a, ɗana, yau Asabar ce. Gobe ne coci." Ba ka saurare ta ba, Lukmanu, kai da ba ka taɓa katse mata magana ba. Ka ci gaba da jero shekaru da sunaye har ka kai gaisuwar. Na ga ta buɗe baki za ta amsa, sai bakin ya tsaya a buɗe, wuƙar ta faɗi cikin kwano. Kukan da ta yi, na roƙi Allah kada ya sake jiyar da ni irinsa. Mutanen da ta kora suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a ƙasa.

Da ta lafa, ta nuna rikodar ta ce, "Saura da yawa a ciki?" Na ce har ƙarshen wata. Ta ce, "Kada ka kunna mini. Ku bar kowace ta zo da safiyarta." Sannan ta sa Vivian ta kwance bunsurun, ta ce a kai wa Nazeefa, yara su yi Sallah da shi, a kuma roƙe ta ta yafe mata zargin da ta yi mata. Ran Litinin na kai Mama Tungan Maje. Ta dafa ƙasar kabarinka da tafin hannu, ta daɗe, sannan ta shiga ɗakin takaba suka rungume juna.

A hanyar komawa ta tambaye ni, "Mutanen nan da yake kiran sunansu, duk sarakuna ne?" Na ce manyan duniya ne dai. Ta ce, "To baɗi in ranar ta zo, ka sa nasa a ciki."

Dokar shirin ba ta yarda da haka ba, kai ma ka sani, sai wanda duniya ta san shi. Na kuma riga na gaya wa iyalina cewa da ƙarshen watan nan zan ajiye aiki in dawo Yelwa, wannan karon da gaske. Jiya na sake kiransu na ce su ƙara haƙuri. In na tafi, wanda zai gaje ni zai karanta Marconi da Delhi da Kenya da Abuja ya rufe. Zan zauna a garin nan da ba na so, in Allah ya ara mini rai, har sha biyu ga Disamba ta zagayo, in zauna a kujerarka in faɗa da bakina cewa a rana irin ta yau mai gida ya rasu a hanyar zuwa aiki. Manaja ya kore ni bayan nan, ya hutar da ni. Vivian tana koya mini gaisuwar, ta ce har yanzu harshena na karkacewa.

Allah ya jiƙanka, Lukmanu, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, tare da Musulmin da suka rasu a motar nan, ya ba iyalan dukkan mamatan haƙuri. Allah ya ba Nazeefa juriya, ya raya abin da ka bari, ya shirya su. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Elizabeth da Vivian da dukkan zuriyar Wakili, da abokan aiki, da masu sauraro. Allah ya sanyaya zuciyar tsohuwar nan ranar ɗaya ga Janairu, in ta kunna rediyo ta ji wata murya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Faruku Yelwa
Garki, Abuja