Ƙwayar Idon Zakara da Na Haɗiye

Uku na sa a baki, biyu na tofar a tafin hannuna. Na laluba da harshe, na kakkaɓe zani, na duba ƙasa. Babu.

Idon zakara ne, tsiron nan mai hawa bishiya, 'ya'yansa ja da ɗigon baƙi. A wajenmu ya ƙare, don ba sauran daji, gona ke bin gona. Ni na nemo irinsa na shuka a inuwar tsamiyar bayan gidanmu, saboda ganyensa na sassauta wa Baba tari. Shekarar gero ya ƙi, da tafasa muke cika ciki, magani kuwa sai dai a ji labari.

Ina kan turmi ina ɗaure reshe, na ga kwanso ya fashe. Sai na yi abin da muka saba yi da wake ranar shuka in hannu ya cika, na jefa 'ya'yan a baki. Turmin ya goce, na ja numfashi, ɗaya ta wuce. A sakandare an koya mana cewa ƙwaya ɗaya, in an tauna, ta isa ta kashe ƙato.

"Kin tauna?" in ji Inna.

"Ban sani ba."

"Ke da bakinki? Bokon ke nan?"

Baba ya goya ni a keke har Bagwai, ya taka ya tsaya ya yi tari. Malamin asibiti ya jujjuya biyun da suka rage. Ya ce in ɓawon bai fashe ba, yadda ta shiga haka za ta fita. In ya fashe, amai da gudawa za su zo cikin kwana uku, mu garzayo.

Da muka dawo gida na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Cikina ya yi kukan yunwa in ce shi ke nan ta fara. Ina ta bin haƙorana da harshe ko zan tuna. Har yau in tsakuwa ta yi ƙaras a tuwo sai gabana ya faɗi. Inna ta ɗauki lauje za ta sare tsiron, Baba ya ce, "Bar shi, shi ya sa kansa a bakinta?"

Rana ta huɗu da hantsi muka koma. Malamin ya danna cikina, ya duba idona, ya ce, "Kin tsira, 'yammata. Tashi ki je ki ci abinci."