Akwatin Sulhu a Bayan Ɗakin Haihuwa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. A safiyar Talata, goma sha bakwai ga watan Yuni, matarka ta kira ni ta ce ka cika, bayan mako shida kana jinya a asibitin da ka yi wa aikin wuta shekara ashirin da biyu. Taubashi, ba zan ɓoye maka ba, alhamdu lillahi ce ta fara zuwa bakina. Na ga yadda ƙirjinka yake kokawa da kowane numfashi. Ka huta, mu ma da muke tsayuwa a kanka muna ƙaryar cewa ka samu sauƙi mun huta.

Ni ɗan ƙanwar mahaifinka ne, tsokanarka haƙƙina ce, mutuwa kuma ba ta soke ta ba. Kai injiniya, ni mai kula da laburare. Kullum kana cewa na karanta littattafai dubu amma ban iya canza ƙwan fitila ba. Har yau ban iya ba.

Shekara tara da suka wuce, ƙasashe biyu masu gasar sayar wa duniya kayan wutar sola suka tuna da asibitinmu a lokaci ɗaya. Kamfanin ɗaya ya shimfiɗa faifan sola a kan rufi, na ɗayar ya kawo manyan batura. Aka yi bikin buɗewa sau biyu, aka sha jawabai kan ceton duniya daga ɗumamar yanayi. Sai aka gano na'urorin ba sa jituwa, kowane kamfani kuma ya ce in aka haɗa kayansa da na abokin gasarsa, ya janye garanti. Wata goma sha huɗu faifai suna shan rana a banza, batura suna cikin leda, tsohon janareto yana tari a bayan ɗakin haihuwa. Duk tarin da ya yi, sai gaban ungozoma ya faɗi saboda bakwainin da ke kwance cikin kwalba.

Na karanta tarihin sulhu iri-iri, ban ga irin naka ba. Ka gayyaci wakilan kamfanonin biyu rana ɗaya, ƙarfe biyu na rana, ba tare da ɗaya ya san da zuwan ɗaya ba. Ka zaunar da su a ofishinka mai tebur ɗaya da tagar da ba ta buɗuwa. Da gumi ya fara jiƙa musu kwat, suka roƙi a kunna fanka. Ka ce, "Ai ku take jira, ranku ya daɗe. Rabin wutarta na kan rufi, rabi na cikin leda."

Kafin la'asar sun tuɓe kwat, suna zane a bayan kalandarka, kowa na ƙoƙarin nuna ya fi ɗan'uwansa sanin aiki. Daga zanen nan ka ƙera akwatin ƙarfe mai launin toka da ya haɗa kayan biyu. Ni na raɗa masa Akwatin Sulhu don in yi maka ba'a, sunan kuwa ya bi shi.

Da ka kwanta ciwo, tsoro ya shiga asibiti, kowa yana ɓoye shi don kunya. Ana ganin kai kaɗai ka san cikin akwatin nan. Na tambaye ka ko akwai wanda ya san shi bayan kai, ka ce in koma wurin littattafaina.

Kwana uku da binne ka, da hantsi, jar fitila ta kama a jikin akwatin, batura suka daina karɓar caji. Bakwaini huɗu ne a kwalba ranar. Shugabar masu gyara, wadda kuka yi aiki tare shekara goma sha ɗaya, ta kwance murfin. Ta ce kowace waya da takarda manne a jikinta, da munin rubutun nan naka. A cikin murfin kuma lambobin waya biyu, da layi ɗaya a ƙarƙashinsu: "A kira su tare. Kada a taɓa kiran ɗaya shi kaɗai."

Lambobin wakilan nan biyu ne, ta haɗa su a kira ɗaya. Da kowannensu ya ji muryar wancan, sai suka shiga rige-rigen ba da amsa, har suna katse juna. Kafin azahar fitilar ta koma kore. Ungozoma ta zauna a kan benci ta yi kukan da ba ta samu yi ba ranar jana'izarka. Su kuwa wakilan, kowanne ya aiko da saƙon ta'aziyya, na biyun ya fi na farko tsawo da sakin layi guda.

Allah Ya jiƙan ka, taubashi, Ya yafe maka kurakuranka, har da taurin kai. Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane jaririn da ya fita daga ɗakin haihuwar nan da rai ya zama shaida gare ka. Ga matarka, da 'ya'yanku uku, da ma'aikatan ɗakin gyara, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ƙwan fitilar ɗakin karatuna ya ƙone tun ranar Asabar. Na sayo sabo, yana kan tebur.