Ranar da "buɗe" ta zama "kashe"

Ko da zan manta komai na kiwon kaji, ranar da na canza rile da hannuna ba za ta fita a raina ba.

Lokacin ina da injin ƙyanƙyasar ƙwai a gonata da ke Garatu. Wata Asabar da hantsi, ƙwai sun kusa fashewa, na sa hannu ciki na ji sanyi. Ga wuta, amma hita ta ƙi kamawa. Mai gyaran da ya haɗa mini injin, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna, ya tafi gida biki. Nan take na kira shi.

"Hajiya, kwantar da hankali," in ji shi. "Rile ne ya mutu, abin da ke kunna hita yana kashe ta. Na bar sabo a cikin akwatin injin. Kashe wuta tukuna."

Na kashe, na ciro wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu. Ya bi da ni waya bayan waya, har muka zo ta ƙarshe. Ya ce, "Ta hita kuma, sa ta a buɗaɗɗiyar ƙafa, wadda aka rubuta N da O."

Nan na tsaya cak. A sanina, in an buɗe famfo ruwa zuba yake ba tsayawa. Na ce, "Baba, buɗaɗɗiya fa? So kake in dafa ƙwaina?"

Ya yi dariya har da tari. "Wuta ba famfo ba ce. A wajenmu buɗe na nufin ƙarfe biyu ba su taɓa juna ba, wuta ba ta wucewa. Rufe shi ne sun haɗu. Wannan ƙafar a buɗe take zama. Sai na'urar auna zafi ta ji sanyi, ta tura wuta kaɗan cikin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin rilen, ya zama maganaɗisu, ya jawo ƙarfen su haɗu. In zafi ya isa, ya saki. Rufaffiyar ce za ta dafa miki ƙwai."

Na ɗaura wayar, na kunna. Sai na ji "ƙas!" Ɗumi ya fara tasowa. Ban bar wurin ba sai da na ji ƙas na biyu, hita ta ɗauke da kanta. Ranar Talata kukan 'yan tsaki ya cika ɗakin.

Tun daga nan, in mai sana'a ya faɗi kalmar da nake ganin na sani, sai na tambaye shi abin da take nufi a bakinsa kafin in sa hannu.