Sai Mai Anko

A yaba wa makarantun yanzu, sun iya biki. Rumfa, kujerun haya, lasifika, har anko aka fitar wa yara, kai ka ce ɗaurin aure ne.

Jiya ina dawowa daga kasuwar Babura na bi ta makarantar unguwarmu a Kazaure, ana raba kyaututtukan ƙarshen shekara. Sai ga Hauwa'u, 'yar maƙwabcina, tsaye a bayan katanga da tsofaffin kayan makarantarta.

Na ce, "Ke da kika zo ta ɗaya, me kike yi a waje?"

Ta ce, "Baba, sun ce sai mai anko zai shiga. Abbanmu ya ce in yi haƙuri, gero bai nuna ba."

Muna tsaye aka kira sunanta a lasifika. Ta ɗaga hannu kamar tana aji, ta ce "Na'am" a hankali, sannan ta sauke. Aka kira na gaba.

Mu a kasuwa, ko ɗan damfara ba ya ba ka akuya kyauta ya ce sai ka sayi igiyar.

Jama'a, wai yarinyar ce ta ci jarrabawar, ko atamfar?