Ranar da Doki Ya Tona wa Taubashina Asiri

Na yi yawo ba kaɗan ba da jakunana, har Jos na sha zuwa, amma muddin ina numfashi ba zan manta da ranar da doki ya tona wa taubashina asiri ba. Wannan tun kafin a ba mu mulkin kai ne, lokacin ina sarin mazarƙwaila ina kai wa masu haƙar kuza a Riruwai.

Taubashin nawa yana da injin matse rake a wata fadama kusa da Yako. Doki ke juya injin, a dafa ruwan raken a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanoni ya daskare. Mutumin kirki ne, ga kyauta, sai dai ba wanda ya isa ya ce "a sauke" sai shi. Ko abinci yake ci, ido ɗaya na kan kasko. Babban ma'aikacinsa ya daɗe yana iza masa wuta har furfura ta fara fito masa, amma bai taɓa riƙe ludayin gwaji ba.

Rannan ma'aikacin ya ja ni gefe ya ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka, in aka gama raken bana zan bi ka Riruwai. Gara in haƙi kuza da in tsufa a bakin murhu."

Na san in ya tafi, rabin sana'ar ce ta tafi. Na tasa taubashina gaba da tsiya, na ce, "Kai ɗan mace, da kai da dokin nan ban san wanda aka ɗaure a jikin injin ba. Tashi ka raka ni kasuwar Kiru gobe, ka bar masa kasko."

Da ƙyar ya yarda. Da safe ya miƙa wa ma'aikacin ludayin kamar ana cire masa haƙori, ya yi ta wasiyya har jakunana suka fara hamma.

Ba mu yi nisa ba ya dafe ciki ya ce zai kewaya. Na jira, shiru. Na ɗaure jakuna na bi sawu. Ina zan same shi? Cikin gonar rakensa, yana rarrafe, babban mutum da gemu, yana leƙen kaskonsa ta tsakanin ganye. Na durƙusa kusa da shi, dariya na neman shaƙe ni.

Abin da ya manta shi ne, kullum da hannunsa yake ba dokin nan dusa. Doki ya zagayo saitinmu, ya ja ya tsaya, ya miƙe kunnuwa ya yi haniniya. Aka kora shi, ya sake zagayowa, ya sake tsayawa. Ma'aikata suka ce ɓarawon rake ne, suka rarumo sanduna. Babban nasu ya dubi dokin, ya dubi gonar, ya ce, "Ku ajiye. Na san ɓarawon." Ya ɗaga murya: "Maigida, fito, ƙaiƙayi zai kashe ka."

Muka fito muna soshe-soshe. Ba wanda ya yi dariya, domin fuskar babban ma'aikacin ta canja. Ya miƙo ludayi ya ce a hankali, "Ga kayanka, Maigida."

Kasko na ta tafasa, ƙamshi ya fara nuna lokaci ya kusa. Na ga hannun taubashina ya taso da kansa. Sai ya mai da shi baya, ya juya wa kasko ƙeya, ya zauna a ƙasa yana fuskantar gona.

Ya ce, "Ni ina kasuwar Kiru. Wanda ke Kiru ba ya ganin kasko."

Wallahi hularsa ya cusa a baki. Hancinsa na gaya masa a sauke, shi kuma yana cizon hula, gumi na zuba. Can muka ji muryar babban ma'aikacin ya ce, "A sauke!"

Da mazarƙwailar ta daskare aka kawo wa taubashina. Ya gutsura, ya tauna. Ya ce, "Ta ɗan yi duhu." Ya ƙara gutsura. "Tawa ta farko kuwa, kare aka ba ya sunsuna ya wuce. Gobe ma kai ne."

Mutumin nan bai je Riruwai ba, sai mazarƙwailarsa ce ta je a bayan jakunana, aka saye tas. Taubashina kuwa, da ya sami sarari, har Zariya ya bi ni, yana ƙauyanci ina fama da shi.

Tun ranar na gane miƙa wa mutum ludayi ba wuya. Wuyar ita ce ka juya baya ka bar shi ya ce a sauke, ko da za ta ɗan yi duhu.