Wayar Ungozoma

Cikin shekarun da na yi ina aikin koyarwa, ban taɓa mantawa da ranar da Hajiya Rabi ta zo makarantarmu ba. A shekarar 2020 ne, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu. A lokacin ni ne mataimakin shugaban wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada, kuma tsara darussa da jarrabawa duk a hannuna suke.

Da zaman gida ya yi tsawo, shugabanmu, Alhaji Shu'aibu, ya tara mu muka yanke shawarar koyarwa ta waya. Tsarin shi ne malami ya buɗe darasi kai-tsaye da safe, ɗalibai su shiga da bidiyo daga gidajensu. Muka kafa doka cewa duk ɗan ajin ƙarshe da ya yawaita fashi, makaranta ba za ta tsayar da shi jarrabawar fita ba, sai ya maimaita aji. Niyyarmu kada yara su sake.

Cikin waɗanda dokar ta hau kansu har da Zainab, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, wadda ko sau ɗaya ba ta shiga darasi ba. Muka aika a kira iyayenta.

Mahaifiyarta ce ta zo, Hajiya Rabi, ungozoma a wani asibiti. Ta tsaya daga bakin ƙofar ofis da takunkumi a fuska. Na miƙa mata kujera ta ƙi zama.

"Daga wurin aiki nake, Malam. Gara in tsaya nesa da ku."

Alhaji Shu'aibu ya yi mata bayanin dokar a natse. Ta saurara har ya gama, sannan ta ciro waya daga jakarta.

"Alhaji, ita kaɗai ce babbar waya a gidanmu. Da ita ake nemana idan mace ta fara naƙuda. Lokacin da kuke darasi ina ɗakin haihuwa. In na bar wa Zainab ita, masu haihuwa fa?"

"To ko maƙwabta, Hajiya?"

"Tunda aka san a asibiti nake aiki, ba gidan da ke son 'ya'yana su shiga. Ban ga laifinsu ba."

Bayan ta tafi Alhaji ya ce in kira iyayen sauran masu fashin in ji dalilinsu. Na kira. Wani uban da wayar yake fita kasuwa a Kwangila ranakun da aka sassauta kulle, wani gidan kuma yara huɗu ne kan waya ɗaya, wasu matsalarsu wuta ce da rashin caji. Da ƙyar na samu wanda wasa ne ya hana shi.

A makon muka sauya tsari. Kowane malami ya riƙa naɗar darasinsa da murya, gajere, ya ɗauki hoton allo, a tura wa iyaye. Ɗalibi ya saurara duk lokacin da waya ta dawo gida, ya turo aikinsa kafin Juma'a. Aka janye dokar fashi, aka koma duba aikin da yaro ya yi. Wasu malaman sun yi gunaguni, don naɗar murya ta fi tsayawa gaban kyamara wuya, dole mutum ya shirya abin da zai faɗa.

Zainab ta zauna jarrabawarta tare da 'yan ajinsu, ta kuma ci. Da aka buɗe makarantu ba mu watsar da tsarin ba. Har na bar wurin, yaron da jinya ta kwantar ana tura masa darasi gida.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu: a aji ɗalibai duk ɗaya suke a idonmu, kaya iri ɗaya, benci iri ɗaya. Gidajensu kuwa ba ɗaya ba ne. Kafin ku kafa wa yaro doka, ku tambayi yadda gari ke waye masa.